Zanen Gauraye da Sha'awar Tajirai

Tun daga shekarar 1912, sa'ad da Picasso ya manna wani ƙyalle mai siffar saƙar kujera a kan zanensa a birnin Paris, ya kuma kewaye shi da igiya, ma'abota fannin zane suka fahimci cewa ba wajibi ba ne mai zane ya taƙaita ga fenti kaɗai, alhali ga takarda da tsumma da yashi duk suna iya ɗaukar ma'ana. A Nijeriya kuwa, bayan da ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu a 1958 da nufin haɗa ilimin Turawa da hikimar gida, sai ƙofa ta buɗe, har Jimoh Buraimoh na Osogbo ya shahara da jera duwatsun ado a kan allo, bisa koyi da kambin sarakunan Yarbawa.

Amma wadda aikinta ya fi bayyana sirrin al'amarin a wannan zamani ita ce Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Enugu a 1983, 'yar marigayiya Dora Akunyili, mazauniyar Amurka. Idan mutum ya hango zanenta daga nesa, falo zai gani, da teburi, da mace zaune cikin natsuwa. In kuwa ya matso har numfashinsa ya kusa taɓa takardar, sai ya tarar bango da daɓe, wani lokaci ma har fatar jikin mutanen, duk cike suke da ƙananan hotuna na mawaƙa da 'yan wasan Nollywood da sojojin da suka yi mulki da dangin mai zanen kanta, waɗanda ta kifa a kan takarda, ta goga musu sinadari har tawadarsu ta koma ciki, sa'an nan ta bi da fenti da fensir mai launi, wani wurin kuma ta liƙa atamfar biki mai hoton mutum. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri ainun, shi ya sa abin da take fitarwa a shekara bai taka kara ya karya ba.

To, daga nan sha'awar tajirai ta samo asali. Ƙarancin haja dalili ne bayyananne, ko a Kantin Kwari an san wannan. Dalilin da ya fi shi zurfi, a nawa ra'ayin, shi ne cewa a zamanin da kowace sura ke yawo a waya kyauta, irin wannan aiki ba ya miƙa kansa ga kyamara, domin kaurinsa da gaɓoɓin da aka haɗa da alamar yatsa ba sa fitowa a hoto, sai wanda ya mallake shi ko ya tsaya a gabansa. Kuma kowane ƙyalle shaida ne na wani gida da wani zamani. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka sayar da zanenta mai suna The Beautyful Ones a gwanjon Christie's na Landan a 2017 kan kimanin fam miliyan 2.5.

Sai dai akwai illa wadda dillalai ba su cika ambata ba: takarda tana koɗewa, gam yana saki, danshin damina da gara kuwa ba su san farashi ba, don haka mai saye ya ɗauki amanar da sai an yi mata hidima. Illa ta biyu ta fi ciwo, wato yawancin waɗannan ayyuka, da zarar an buga guduma, sukan shige gidaje da ɗakunan ajiya na ƙetare, inda mutanen da aka zana rayuwarsu ba za su gan su ba. Yemisi Shyllon, wanda ya ba da kaso mai yawa na ayyukan fasahar da ya tara aka buɗe gidan nune-nune a Jami'ar Pan-Atlantic ta Legas a 2019, shi ne ya kama hanyar da ta dace, kuma attajiranmu na Arewa sun fi kowa buƙatar su dube ta.