Karin Harshe a Matsayin Shaidar Zama Ɗan Ƙasa: Nazarin Wani Kashi na Shirin The Simpsons

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin masu kallon talabijin sun ɗauka cewa duk wasan da aka shirya da zane mai motsi na yara ne. Shirin The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙiro, tashar Fox ta Amurka kuma ta fara nuna shi a matsayin cikakken shiri a watan Disamba na 1989, ya kore wannan zato, domin manya ake nufi da shi, kuma zambo da habaici su ne jarinsa. Shirin yana bibiyar rayuwar wani magidanci, Homer Simpson, da matarsa Marge da 'ya'yansu uku, a wani ƙagaggen gari mai suna Springfield.

Wannan maƙala za ta nazarci kashi ɗaya tak daga cikin shirin, wato "Much Apu About Nothing", wanda aka nuna ranar 5 ga Mayu, 1996, a zango na 7. David S. Cohen ne ya rubuta shi, Susie Dietter ta ba da umarni. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa karin harshe shi ne babban makamin da wasan ya yaƙi ƙyamar baƙi da shi, sannan kuma ta nuna cewa wannan makamin ya yanki mai riƙe da shi daga baya.

2.0 Taƙaitaccen Labarin Wasan

Wata rana beyar, wato wata ƙatuwar dabbar dawa ta ƙasashen sanyi, ta ɓato hanya ta shigo unguwar su Homer. Ko da yake ba ta taɓa kowa ba, Homer ya ja zugar mutane zuwa ofishin magajin gari, Quimby, suna neman kariya. Aka kafa rundunar sintiri har da jirgin yaƙi. Da aka yanki harajin dala 5 daga albashin ma'aikata don biyan rundunar, sai zugar ta koma tana kukan haraji ya yi yawa. Quimby ya rasa mafita, sai ya ɗora laifin a kan baƙin haure, ya kawo ƙudiri mai lamba 24 wanda za a jefa wa ƙuri'a don a kore su.

Daga nan labarin ya koma kan Apu, Ba'indiye mai kula da kantin unguwar. Karatu ne ya kawo shi Amurka, ya yi digirin digirgir a ilimin kwamfuta, izininsa na zama ya ƙare amma ya ci gaba da aiki. Ya sayi takardun jabu, ya gwada zaman Ba'amurke na ƙarya, abin ya gagare shi. A ƙarshe Lisa, 'yar Homer, ta gano cewa wata dokar afuwa ta ba shi damar zana jarrabawar zama ɗan ƙasa, ya zana ya ci. Ƙudirin ya samu kashi 95 cikin ɗari na ƙuri'u, kuma wanda aka nuna an kora shi ne Willie, mai gyaran filin makaranta, mutumin Sikotilan.

3.0 Tubalin Ginin Wasan

Labarin yana da tushe a tarihi. A watan Nuwamba na 1994 al'ummar jihar Kalifoniya suka amince da ƙudiri mai lamba 187, da kimanin kashi 59 cikin ɗari, wanda ya nemi hana baƙin haure shiga makarantun gwamnati da samun kulawar asibiti in ba ta gaggawa ba. Gwamnan jihar na lokacin, Pete Wilson, ya mara masa baya, kotun tarayya ta dakatar da shi, a 1999 kuma gwamnatin jihar ta janye ɗaukaka ƙarar da ta yi. Ke nan an nuna wasan ne ana tsakiyar shari'ar, kuma masu kallo na lokacin sun san inda habaicin ya dosa.

Babban jigon wasan shi ne ɗora wa baƙo laifin da ba nasa ba. An share fagen jigon da wata 'yar muhawara. Homer ya ce rashin ganin beyar shaida ce ta nasarar rundunar, sai Lisa ta ɗauki dutse ta ce in haka ne wannan dutsen ma yana korar damisa, tun da babu damisa a kusa. Maimakon ya gane gatsen, sai Homer ya nemi ta sayar masa da dutsen. Irin wannan gurguwar hujja ce Quimby ya sayar wa garin baki ɗaya.

4.0 Sarrafa Karin Harshe

Akwai wurare uku da harshe ya zama shi ne abin kallo.

Na farko shi ne jawabin Moe, mai mashaya, wanda ya fi kowa zaƙewa wajen neman a kori baƙi. Hujjarsa ita ce baƙin sun ƙi koyon Ingilishi, alhali jimlar da ya faɗi hakan da ita cike take da karya ƙa'idar nahawu, har kalmar da ke nufin baƙin ma ya haɗiye mata harafi. Homer ya goyi bayansa da wata kalma da babu ita a ƙamus. Marubucin bai sa wani ya yi musu raddi ba, bakinsu ya bari ya ƙaryata su, wato dai gwano ba ya jin warin jikinsa. An ƙara wa zambon gishiri da aka nuna Moe, cikin ɓad-da-kama, yana zana jarrabawar zama ɗan ƙasa tare da sauran baƙi.

Na biyu shi ne lokacin da Apu ya ari bakin Amurkawa. Ya sa malafar makiyayan Amurka, ya kawar da siffar abin bautarsa Ganesha, ya shiga hirar wasan ƙwallo. Sai dai ya karanta haruffa biyu na taƙaita sunan birnin New York kamar kalma ɗaya ce, ya kuma kira ƙungiyar 'yan wasa da kalmar da ake kiran rukunin sojoji. Nahawunsa daidai yake, abin da ya rasa shi ne sanin wace kalma ce ta dace da wane muhalli, wanda ba a samun sa a littafi. Da ya tuna iyayensa, sai kunya ta kama shi, ya koma karinsa na asali. A nan wasan ya nuna cewa sauya kari da gangan don neman karɓuwa wani nau'i ne na yanke zumunci da asali.

Na uku shi ne jarrabawar baka. An tambayi Apu musabbabin yaƙin basasar Amurka, sai ya fara jero dalilai daki-daki irin na masana. Mai jarrabawar ya katse shi, ya ce kalma ɗaya kawai ake so, wato bauta. Baƙon ya fi mai tambayar sani, amma sai da ya rage iliminsa ya dace da haddar da ake nema kafin a karɓe shi.

Idan aka haɗa wuraren uku za a ga cewa ɗan gari yana ɓata harshen ba a tuhume shi ba, baƙo kuwa ya iya harshen amma karinsa ya hana a yarda da shi. Abin da ake aunawa ke nan shi ne sautin bakin mutum, ba ƙwarewarsa ba.

5.0 Inda Wasan ya yi Tuntuɓe

Muryar Apu ba ta Ba'indiye ba ce. Hank Azaria, farar fata Ba'amurke, shi ne ya yi ta, kuma shi ne dai ya yi muryar Moe. Ashe karin da wasan ya nuna a matsayin na gaskiya, wanda Apu ya koma wa cikin nadama, shi ma na aro ne, an kuma zuzuta shi don a yi dariya. Sunan zuriyar Apu mai tsawon gaske ma ƙagagge ne.

Kwatanci da wasan barkwanci na ƙasar Hausa zai fito da matsalar fili. Tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, kowa yana kwaikwayon maganar abokin wasansa, amma sharaɗin wasan shi ne wanda aka tsokana yana nan kusa, kuma yana da ikon ramawa. Indiyawan Amurka ba su da wannan iko a shekarun 1990, domin fuskokinsu sun yi ƙaranci ƙwarai a talabijin ɗin ƙasar, har Apu ya zama kusan shi ne wakilinsu. Wannan shi ne ƙorafin da ɗan wasan barkwanci Hari Kondabolu ya gabatar a fim ɗinsa na 2017 mai suna The Problem with Apu, inda 'yan wasa masu asali da kudancin Asiya suka ba da labarin yadda aka riƙa tsokanar su da bakin Apu suna yara. A watan Janairu na 2020 Azaria ya bayyana cewa ya daina yin muryar, a 2021 kuma ya nemi afuwa a bainar jama'a.

Akwai kuma rauni a warwarar rikicin. Apu ya tsira ne saboda digirinsa da kuma dokar afuwa, ba don garin ya sauya ra'ayi ba. Tubar Homer ma don ya san Apu ne ido da ido, shi ya sa korar Willie ta wuce a matsayin abin dariyar rufe wasa. Za a iya cewa da gangan aka yi hakan don a nuna taƙaicin tausayin jama'a, sai dai mai kallo yana iya tashi da fahimtar cewa baƙo mai ilimi da amfani ne kawai ya cancanci a tsaya masa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a cikin kimanin minti 22 wannan kashi ya tona asirin masu fakewa da harshe don su ware baƙo, ta hanyar sa su yi magana da bakinsu. Ta kuma nuna cewa masu shirin sun faɗa cikin wani ɓangare na laifin da suka soka, tun da sun gina tauraronsu a kan kwaikwayon karin mutanen da ba su da bakin ramawa. Wannan bai rage ingancin zambon ba, amma ya isa ya sa mai nazarin harshe, duk inda ya tarar da kwaikwayon karin wata al'umma a wasa, ya fara da tambayar wane ne ke kwaikwayon, su wa ke dariya, kuma ko an bar wa wanda aka kwaikwaya damar mayar da martani.