Sharhi a Kan Koyar da Ƙira Bisa Buƙatun Jama'a a Makarantun Sakandare

A makarantun sakandare da dama na Amurka ana koya wa ɗalibai wata hanya ta ƙera kayan aiki wadda ke farawa da mutumin da zai yi amfani da abin, kafin a waiwayi na'ura. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na cibiyar koyar da ƙira ta Jami'ar Stanford, mai matakai biyar: fahimtar halin mai buƙata, tantance matsala, tattaro dabaru, ƙera samfuri, da gwaji. Wannan takarda za ta auna abin da ɗalibi ke samu daga tsarin da kuma abin da yake rasawa.

Alfanun tsarin a fili yake. A wani sanannen darasi na cibiyar, akan haɗa ɗalibai biyu-biyu, kowa ya yi wa abokinsa tambayoyi, sannan ya ƙera masa jakar kuɗi da takarda da salatif. Cikin abin da bai kai awa biyu ba, yaro yakan gane cewa son ransa dabam, buƙatar wani dabam. Wannan darasi ne da lissafin allo ba ya koyarwa.

Sai dai kuma a nan gizo ke saƙa. Hira ta mintoci kaɗan da abokin aji ba ta isa a kira ta sanin mutane ba. Haka kuma samfurin takarda ba ya tsatsa, ba ya neman mai gyara. Darasin yakan ƙare a ranar baje koli, alhali a ranar da aka miƙa abu ga jama'a ne wahalar injiniya ke somawa.

Labarin famfon PlayPump ya isa misali. Lilo ne mai kewayawa wanda ke janyo ruwa daga rijiya idan yara suna wasa a kansa. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi a Afirka. A 2009 jaridar Guardian ta lissafa cewa sai yara sun yi awa 27 suna juya shi kowace rana kafin a cimma adadin mutanen da aka yi niyyar shayarwa. A Mozambik mata ne suka koma tura shi da hannu, wasu famfunan kuma suka lalace aka daɗe ba gyara. Tausayi bai yi ƙaranci a wannan aiki ba. Lissafi da bibiya ne suka gaza.

Shirin EPICS na Jami'ar Purdue, wanda aka kafa a 1995 kuma daga baya aka faɗaɗa shi zuwa makarantun sakandare, ya fi kusa da maganin wannan rauni. Ɗalibai sukan yi aiki da wata ƙungiyar al'umma na tsawon lokaci, su miƙa mata abin da suka ƙera, su ji ƙorafinta.

A taƙaice, matakan biyar ƙofa ce mai kyau ta shiga fannin. Amma malamin da ke son ɗalibansa su fita da ilimin injiniya dole ya ƙara musu abu biyu: lissafin da zai nuna ko abin zai yi aiki, da komawa wurin mai shi bayan wata shida a ga ko har yanzu yana amfani da shi.