Rawar Finafinan Hausa da Idon Kyamara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗalibai sun yawaita tambaya a kan rawar da ke cikin finafinan Kano, waɗanda yau suke cikin wayar kusan kowane yaro, daga Garwa har nan Maga. Wasu so suke a ce haram a wuce wurin, wasu kuma su ce ai al'ada ce. To, bari mu duba abin da kansa tukuna.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya faro ne da Turmin Danya a 1990, amma rawa da waƙa ba su zauna da gindinsu ba sai bayan Sangaya na 1999, wanda waƙarsa ta cika gari. Salon kuwa aro ne daga finafinan Indiya. Ana tsakiyar labari sai ya tsaya cik, a ga saurayi da budurwa a lambu suna jujjuyawa da kiɗan fiyano, su canja kaya sau uku, sannan a dawo inda aka tsaya. Ko ta fuskar sana'a wannan rauni ne, don in ka yanke rawar labarin bai rasa komai ba.

Motsa jiki kansa ba shi ne matsalar ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana kallo a bayan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ku lura: wasan maza ne, a fili, a ranar farin ciki. Haka kiɗan ƙwarya da iyayenmu mata suke yi a cikin gida ranar biki. Yana da wurinsa da lokacinsa, kuma an san wa zai gani.

Kyamara ita ce take rushe wannan katanga. Mai kallo a dandali daga nesa yake hange, ita kuwa sai ta matso, ta zaɓi gaɓar da take so, ta tsaya a kai, ta maimaita. Idon da aka umarce ka ka runtse, darakta ne yake riƙe maka shi. Bayan an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, an tsananta cewa namiji kada ya taɓa mace a fim. Masu shiri sun kiyaye lafazin dokar, ba a taɓawa ɗin, amma fa kyamara tana yin abin da aka hana hannu. Nan ne nake ganin laifin ya fi nauyi a wuyan mai ɗauka da mai tacewa fiye da yarinyar da aka biya ta taka.

Masu cewa fim ba ya sayuwa sai da rawa, su dubi Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Shekara da shekaru gidaje suna binsa saboda rikicin kishiyoyi da halin almajirai da zaman maƙwabta, ba wanda ya tsayar da labari ya tafi lambu.

Wallahu a'alamu.