Jinjina ga Masu Wankin Hoto a Ɗakin Duhu

Masu koyon hoton baƙi-da-fari, kun cancanci jinjina. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, don haka sai an natsu kafin a danna. A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, ɗalibi zai haska nagetif, wato fim ɗin da aka wanke, a kan takarda, ya tsoma ta cikin ruwan magani kala uku: na farko ya fito da fuska sannu a hankali, na biyu ya tsayar da aikinsa, na uku ya hana hoton dushewa. Da wannan sana'a mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara adana kitson matan Najeriya a 1968, har ya tara hotuna kusan 1,000. Haƙuri da kaifin ido ne jarinku. Allah ya ƙara basira, ya yi wa hannuwanku albarka.