Sharhi A Kan Hotunan Masu Waya A Tambuwal Da Kebbe

Duk wanda ya leƙa kasuwar Tambuwal ko gidan biki a Kebbe ya san ɗaukar hoto ta bar hannun mai shago ta koma hannun kowa. Samari kuwa sun duƙufa wajen gwada dabaru. Abin tambaya shi ne, wace irin dabara?

Galibin abin da suke kira gwaninta kwaskwarima ce bayan an gama ɗauka. A wanke fuskar amarya har ta yi fari fat, a goge tsagen gado daga kuncin tsoho, a yanko saurayi daga ƙofar zaurensu a dasa shi gaban benen Dubai. Wannan ba sabon abu ba ne, don kuwa masu shago na da ma suna rataya labule mai zanen jirgin sama. Amma fa labule ba ya ruɗin kowa, an san wasa ne. Na yanzu shafe mutum yake yi, har jikansa ya rasa kamannin kakansa da irin ginin gidansu.

Mai karatu ya dubi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen hoto 1,000. Dabararsa ba ta da yawa: sau da dama yakan zagaya ya tsaya ta bayan mace, ya sa bango fili ba ado, ya bar haske ya bi tsagar kitso. Watau gwanintar tana wurin tsayuwa da lokacin latsawa. Haka Malick Sidibé na Bamako ya bi samari da 'yan mata wurin rawa, aikin da ya kai shi ga babbar lambar yabo ta Venice a 2007.

Ba a rasa masu ido a cikin namu ba. Hoton da aka durƙusa aka ɗauka daga ƙasa, ƙafafun raƙumi sun zama kamar ginshiƙai, ko inuwar mai sussuka a jikin rumbu da la'asar, ko masunci a Gulbin Zamfara cikin hazon hunturu, waɗannan sun fi benen aro nesa ba kusa ba. Sai dai masu irin wannan aiki suna da nasu aibin: sukan ɗauki dattijo ko matar aure ba sallama ba izini, kamar suna ɗaukar kuka ko jaki. Hoton Ojeikere ba ya yiwuwa sai mai kitson ta yarda ta zauna.