Shin Kwamfuta Za Ta Iya Auna Zafin Haƙorin Bahaushe?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna a Doha ya san yadda gyaran jerin haƙora ya zama ruwan dare a tsakanin matasa. Da yawa sun bar wayar ƙarfe sun koma roba mai garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, irin ta Invisalign, wadda kamfanin Align Technology da aka kafa a Amurka a 1997 ya fito da ita. Ana sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, a canja sabuwa bayan mako ɗaya ko biyu, kowace kuma tana tura haƙori kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Wannan turawar ce ke kawo tsami da zafi, musamman a kwanakin farko.

To, yanzu masu bincike na ƙoƙarin koya wa kwamfuta, ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, ta yi hasashen wanda zai ji daɗin robar da wanda zai sha wuya tun kafin a fara. Ba na raina ƙoƙarin. Ƙatar ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wannan fasaha a 2019, a shekarar ce kuma Jami'ar Ƙatar ta buɗe kwalejin likitancin haƙori, saboda haka batun ba nesa yake da mu ba.

Inda nake da ja shi ne, zafi ba shi da ma'auni irin na zazzaɓi. Likita tambaya yake yi: daga sifili zuwa 10, nawa kake ji? Amsar ce ake ɗura wa na'ura. Mu kuwa da kunya da dauriya aka raine mu. Bahaushen da haƙori ya hana shi barci, in ka tambaye shi sai ya ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ya ba ka 2 a inda wani zai ce 7. Idan na'urar ba ta koya daga bakinmu ba, hasashenta na wasu ne. Idan kuma ta koya daga wannan "da sauƙi" namu, sai ta yanke cewa mu ba ma jin zafi, wanda ya fi muni.

Sannan jin daɗi bai tsaya ga zafi ba. Robar nan sai an cire ta kafin a ci abinci ko a sha wani abu mai zafi. A garin da ake kurɓar shayin karak safe da yamma, ga gahawa a kowane majalisi, wa ya ƙirga wannan takurar? Balle mai cin goro.

Akwai kuma batun kasuwa. Kamfanin SmileDirectClub ya yi ta aika wa mutane roba gida ba tare da sun zauna gaban likita ba, ya durƙushe a ƙarshen 2023, ya bar jama'a a tsakiyar magani. Ina tsoron kada hasashen jin daɗi ya zama wani sabon dalilin rage ganin likita.

Ni kaina da na je wani asibitin haƙori a nan, an ɗauki hoton bakina, allon ya nuna mini yadda haƙorana za su koma. Abu na farko da kwamfutar ta toshe shi ne wushiryata, wadda a Katsina ake yi mini kirari da ita. Na ce wa likitan a bar mini ita, ya yi dariya ya sake tsarin da hannunsa.