Habaici cikin taushin murya: kare faifan Rumours

Masu ganin kiɗan rock bai cika ba sai da hargowa sun daɗe suna yi wa reshensa mai taushi kallon hadarin kaji. A wurinsu kiɗan otal ne, na masu kuɗin Kalifoniya da ba su san zafin rana ba. Faifan da suka fi yi wa wannan gori shi ne Rumours na ƙungiyar Fleetwood Mac, wanda ya fito a Fabrairun 1977, shekarar da matasan punk ke ta da ƙura a Landan. Ni dai ina ganin ba su saurare shi da kunnen basira ba.

Tarihin sananne ne. Peter Green ya kafa ƙungiyar a Ingila a 1967 tana kiɗan blus, ta yi ta sauya mutane har Amurkawa biyu, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, suka shigo a ƙarshen 1974. Lokacin da aka shiga situdiyon Record Plant a Sausalito a 1976, soyayyar waɗannan biyu ta watse, cikin sauran 'yan ƙungiyar kuma auren John da Christine McVie ya mutu, gidan mai ganga Mick Fleetwood ma yana tangal-tangal.

Gwanintar faifan tana cikin amshi. Wanda ya taɓa jin kishiya tana waƙa a bakin turmi ya san habaici, sai dai a can wadda ake yi dominta tana ɗaki tana cizon yatsa. A nan kuwa wanda aka yi wa habaicin shi ke amsawa. A "Go Your Own Way" Buckingham ya zargi Nicks da rashin kamun kai. Ta nemi ya cire baitin, ya ƙi, kuma da muryarta aka ɗaga amshin waƙar. Ka saurari gangar Fleetwood a baitocin: tana tuntuɓe, ba ta faɗuwa inda kunne ke jira, sai an kai ga amshi take miƙewa. Nicks ta rama da "Dreams", wadda kusan gaba ɗayanta a kan sautuka biyu take lilo, ba hawa ba sauka. Muryarta ko ɗagawa ba ta yi, jitar mutumin da take yi wa gargaɗi kuma tana kuka a bayanta. Kisan mummuƙe ke nan. Christine ma ta yi "You Make Loving Fun" don sabon masoyinta, mai kula da fitilun ƙungiyar, tsohon mijinta na kaɗa mata jitar bes, kuma bai yi ha'inci a kiɗan ba.

Masu cewa an goge sautin har ya rasa rai sun manta cewa da an yi ihu da habaicin ya zama zagi, zagi kuwa sau ɗaya ake jinsa a wuce. Taushin ne ya sa ake maimaita faifan. Masu jingina nasararsa ga tsegumi kaɗai su ma sun yi kuskure, don ƙungiyoyi nawa aka yi rikicin aure a cikinsu ba su bar waƙa ko ɗaya ba? Ko "The Chain", wadda ita kaɗai ce ke ɗauke da sunayen su biyar, da reza aka yanka tef aka harhaɗa ta daga guntaye, amma ɗinkin ba ya nunawa.

Faifan ya yi mako 31 a saman jadawalin Billboard, ya ci Grammy a 1978, an sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Waɗannan ba su ne hujjata ba. Mai shakka ya sa "Dreams", ya bar muryar gaba, ya bi ta masu amshi.